Wasiƙun Jacqueline Kennedy a Kasuwar Gwanjo: Sirrin Uwargida a Gaban Masu Tayi

A arewacin yankin Wales na Birtaniya akwai wani tsohon gida mai suna Glyn Cywarch, mallakar zuri'ar Harlech. Da mai gidan ya rasu a 2016, magaji ya tarar da ginin na neman gyara mai cin kuɗi, sai ya kira kamfanin gwanjo na Bonhams ya zo ya ƙiyasta kayan da za a iya sayarwa. Cikin kayan akwai wasu jajayen akwatuna biyu na fata, irin waɗanda ministocin Birtaniya ke zuba takardun gwamnati a ciki. A kulle suke, sun shekara kusan talatin ba wanda ya leƙa. Sai da aka nemo mai gyaran makulli.

Da murfin ya ɗaga, sai ga wasiƙu da rubutun hannu mai tsayi, siriri, wanda duk dillalin tsofaffin takardu ya sani tun daga nesa. Hannun Jacqueline Kennedy ne, uwargidan shugaban Amurka daga 1961 zuwa 1963.

Wanda ta rubuta wa shi ne David Ormsby Gore, wato Lord Harlech, jakadan Birtaniya a Washington a zamanin mijinta John Kennedy, kuma aminin mijin tun suna samari. An kashe mata miji a Dallas a Nuwamban 1963, shi kuma matarsa ta rasu a haɗarin mota a 1967. Rashin abokan zama ya haɗa su, har suka yi tafiya tare zuwa Kambodiya, daga baya ya nemi aurenta. Ta ƙi. A Oktoban 1968 ta auri attajirin jiragen ruwa ɗan Girka, Aristotle Onassis, kuma daga cikin jirgin ruwan angon ta ɗauki alƙalami ta bayyana wa Harlech dalilinta: su biyun sun sha baƙin ciki iri ɗaya, ita kuwa tana neman wanda ba ya cikin waccan duniyar ta ciwo.

Ranar 29 ga Maris, 2017, a Landan, aka buga guduma. Wasiƙu 19, sha takwas da hannu, ɗaya da tafireta, tare da wasu takardu, suka tashi a kan fam 100,000. Kafin ranar ma jaridun duniya sun riga sun buga abin da ke ciki. Maganar da mace ta faɗa wa mutum ɗaya, cikin amana, ta zama ta kowa.

Kasuwa mai dokokinta

Tara sa hannun manyan mutane tsohuwar al'ada ce a Turai da Amurka. Akwai masu neman sa hannun duk shugabannin Amurka tun daga George Washington, akwai kuma wani reshe, ƙarami amma mai naci, na masu bin takardun matan shugabannin. Suna da ƙungiyoyi, kamar Manuscript Society da aka kafa a 1948, suna da dillalai, suna da gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's da Bonhams, da RR Auction a Boston, da Heritage a Dallas. Da can sai mutum ya je zauren da kansa ko ya aika wakili. Yanzu intanet ta buɗe ƙofa, mai tayi yana zaune a ɗakinsa a wata nahiya yana ƙara farashi ta waya.

A wannan kasuwa takarda suna ta tara. Mafi araha shi ne sa hannu tsurarsa a kan kati ko hoto. Sama da shi wasiƙar da sakatariya ta buga da tafireta, uwargida ta sa hannu a ƙasa. Can sama kuma wasiƙar da ta rubuta da hannunta tun daga gaisuwa har sallama. Bayan wannan sai a duba lafiyar takardar, ko ta yage, ko tawada ta koɗe, ko ambulan ɗinta na nan. Sai a duba yawan irinta a duniya.

Shi ya sa farashi ke bambanta ƙwarai tsakanin uwargida da uwargida. Eleanor Roosevelt ta samu wasiƙu kimanin 300,000 a shekararta ta farko a Fadar White House, 1933, kuma ta yi ta amsawa har ƙarshen rayuwarta, don haka wasiƙarta ta tafireta ba ta wuce 'yan ɗaruruwan daloli a yawancin lokuta. Martha Washington, matar George Washington, kuwa abin da ya rage na hannunta kaɗan ne, ana maganar dubban daloli masu yawa kafin a sallama.

Amma abin da ya fi komai ɗaga farashi shi ne abin da aka faɗa a ciki. Wasiƙar godiya kan furanni kuɗinta daban. Wasiƙar da matar ta buɗe cikinta, ta yi maganar miji ko kishi ko mutuwa, wannan ita ce ake rububi. A nan ne matsalar take, domin abin da kasuwa ta fi so shi ne daidai abin da mai rubutun ta fi so a rufa.

Me ya sa ita?

Cikin dukan matan shugabannin Amurka na ƙarni na 20, ba wadda kayanta ke jan masu tayi kamar Jacqueline. An ga haka ƙarara a Afrilun 1996, shekara biyu bayan rasuwarta, lokacin da Sotheby's ta yi kwana huɗu tana gwanjon kayan gidanta a New York. An yi ƙiyasin za a samu ƙasa da dala miliyan 5, aka tashi da sama da miliyan 34. Wata sarƙar lu'ulu'u ta roba, wadda aka yi wa kuɗi 'yan ɗaruruwan daloli, ta tafi a kan sama da dala 200,000.

Dalili na farko shi ne shirunta. Ta rayu shekara talatin bayan kisan mijinta, ba ta rubuta tarihin rayuwarta ba, hira da 'yan jarida kuwa sai da ƙyar. Tana cikin matan da aka fi ɗauka hoto a zamaninta, amma muryarta ba a cika ji ba. Duk wanda ke son ya san yadda take tunani, sai ya nemi inda ta saki jiki, kuma a wasiƙa take sakin jiki.

Na biyu, gwanar rubutu ce. Ta yi aikin jarida kafin aure, daga baya ta yi kusan shekara ashirin tana aikin tace littattafai, da farko a kamfanin Viking daga 1975, sannan a Doubleday har ƙarshen rayuwarta. Masu tara takardunta sun san shuɗiyar takardar da take rubutu a kai daga gidanta na Fifth Avenue, sun san yadda take jan ɗan layi tsakanin jimloli maimakon aya, kamar mai magana tana numfasawa. Wasiƙar da ta rubuta wa Lyndon Johnson, wanda ya gaji mijinta a shugabanci, washegarin jana'izar mijinta, da wadda ta aika wa shugaban Tarayyar Sobiyet Nikita Khrushchev ranar 1 ga Disamba, 1963, tana roƙon manyan ƙasashe su kame kansu daga yaƙi, suna cikin takardun da malaman tarihi ke komawa gare su har yau. Waɗannan biyun ba na sayarwa ba ne. Sai dai sun nuna wa masu kuɗi irin abin da hannun nan ke iya yi.

Hannun wa ke kan takardar?

Sabon shiga a harkar nan yakan ɗauka duk takardar da ke ɗauke da sunanta ta taɓa hannunta. Ba haka ba ne.

Cikin makonni bakwai bayan kisan Kennedy, wasiƙun ta'aziyya kusan 800,000 suka iso mata, daga baya suka haura miliyan ɗaya da rabi. Ba ɗan adam da zai amsa wannan da hannu. Aka buga katunan godiya masu baƙin gefe, 'yan sa-kai suka yi ta zubawa a ambulan. Majalisar dokokin Amurka kuma, bisa al'adar da ta fara tun kan Martha Washington a 1800, ta ba ta izinin aika wasiƙa ba tare da kan sarki ba, sunanta a kusurwar ambulan ya wadatar. Wannan suna na kan ambulan ɗin ta'aziyya bugun inji ne. Har yau iyalai kan tsinci katin a cikin kayan kakarsu, su ɗauka tsuntsu ne daga sama gasasshe, dillali ya gaya musu irinsa na nan da dubbai.

Sai kuma sakatarori. A Fadar White House wasu ma'aikata kan sa hannu a madadin uwargida, kuma wasunsu sun ƙware wajen kwaikwayon hannunta har sai mai ido sosai zai rarrabe. Ga kuma na'urar sa hannu, wadda ke riƙe alƙalami na gaske tana bin zanen da aka saka mata. Wani fitaccen dillali na New York, Charles Hamilton, ya wallafa littafi sukutum a 1965 yana nuna yadda ofishin John Kennedy ya dogara da wannan na'ura. Hanyar gane ta mai sauƙi ce ga wanda ya sani: a ɗora sa hannu biyu a kan juna a ɗaga wa haske, in suka hau daidai ba ko karkata, to inji ne, domin hannun mutum ba ya maimaita kansa. Tawadar inji kuma nauyinta ɗaya daga farko har ƙarshe.

Bayan waɗannan akwai 'yan jabu na gangan. Mafi girman abin kunya a kasuwar takardun Kennedy shi ne na Lawrence Cusack, wanda a shekarun 1990 ya fito da ɗaruruwan takardu yana cewa ya tsince su a cikin fayilolin mahaifinsa lauya, wai suna nuna wata yarjejeniyar sirri tsakanin shugaban da 'yar fim Marilyn Monroe. Masu zuba jari suka saya har na kusan dala miliyan 7. Abin da ya tona asiri ƙanƙani ne. Wata takarda na ɗauke da lambar shiyyar gidan waya, alhali ba a fara amfani da irin wannan lamba a Amurka ba sai Yulin 1963, bayan ranar da aka rubuta a takardar. Wasu kuma an buga su da tafireta mai goge kuskure, wadda ba ta shigo kasuwa ba sai bayan shekaru. Kotu ta same shi da laifi a 1999, aka ɗaure shi kusan shekara goma.

Don haka gogaggun masu tarawa ba sa cinikin biri a sama. Tambayarsu ta farko ita ce salsalar takardar: wa aka aika wa, wa ya gada, ta hannun wa da wa ta bi kafin ta iso teburin gwanjo. Takardar shaida daga dillali tana da amfani gwargwadon mutuncin dillalin ne kawai. Mai saye kuma ya tuna da la'adar gidan gwanjo, wadda kan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan farashin da aka buga guduma.

Takarda ta wani, magana ta wani

Dokar Amurka da ta Birtaniya sun raba wasiƙa gida biyu. Takardar da tawadar mallakar wanda aka aika wa ne, yana iya ajiyewa, ya sayar, ya ƙona. Kalmomin kuwa haƙƙin mallakarsu na wurin wanda ya rubuta, in ya mutu ya koma ga magadansa. Wata kotun ɗaukaka ƙara a New York ta jaddada haka a 1987, lokacin da ta hana wani marubuci kwaso dogayen sassa daga wasiƙun marubucin nan J. D. Salinger da ba a taɓa bugawa ba. Ke nan mutum zai iya biyan fam 100,000 ya mallaki wasiƙa, amma ba shi da ikon buga ta a littafi sai da yardar iyali.

A aikace wannan kariya ba ta da ƙarfi sosai. Gidan gwanjo zai buga hoton shafi a kundin tallarsa, ya tsakuro jimlolin da suka fi zafi, jaridu su ɗauka. Kafin lauya ya gama rubuta takardar gargaɗi, zance ya gama gari.

Jacqueline ta ɗanɗani wannan tun tana raye. A farkon 1970 wasiƙu huɗu da ta rubuta wa Roswell Gilpatric, tsohon mataimakin sakataren tsaro, suka ɓullo a hannun wancan dillali Charles Hamilton. Gilpatric ya ce sace su aka yi daga ofishinsa. An dakatar da cinikin, amma jaridu sun riga sun buga kalmomin, har da na wadda ta rubuta 'yan kwanaki bayan ɗaurin aurenta da Onassis, cike da kalaman ƙauna da girmamawa. Matar Gilpatric ta nemi rabuwa a daidai wannan lokaci, kuma marubuta tarihin Jacqueline da dama na ganin abin ya bar tabo a sabon aurenta.

Ba mamaki da ta zo rubuta wasiyya ta bar wa 'ya'yanta biyu, Caroline da John, dukan takardunta, tare da roƙon su mutunta burinta na sirri, su yi abin da za su iya don hana baje su ko buga su. Sai dai wasiyya na iya rufe abin da ke cikin gidanta ne kawai. Dubban wasiƙun da ta aika suna gidajen wasu.

Limamin Dublin

Ba inda rigimar ta fito fili kamar a ƙasar Ailan a 2014.

A 1950, tana da shekara 21, Jacqueline Bouvier ta ziyarci Dublin ta haɗu da wani dattijon limamin Katolika, Fada Joseph Leonard, wanda ya haura saba'in, yana zaune a kwalejin All Hallows. Sau biyu kacal suka taɓa ganin juna ido da ido, na biyun a 1955 tare da mijinta. Amma sun shekara 14 suna musayar wasiƙa, har rasuwarsa a 1964. Ta gaya masa abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ta ba shi labarin baikon da ta fasa da wani dillalin hannun jari. Tun kafin aure ta gaya masa tsoronta cewa John Kennedy na iya zama kamar mahaifinta, mai son farautar mata, mai gundura da abin da ya samu. Bayan Dallas kuma ta rubuta masa cewa zuciyarta na ɗaci game da Ubangiji, tana kokawar neman hanyar komawa ga imaninta.

Wasiƙu 33 ne, shafi kusan 130, suka kwana a kwalejin shekara hamsin. Da kwalejin ta shiga matsin kuɗi, sai aka miƙa su ga wani gidan gwanjo mai suna Sheppard's a garin Durrow, aka sa ranar 10 ga Yuni, ana hasashen za su iya haura yuro miliyan ɗaya. Jaridar Irish Times ta buga sassa daga ciki, duniya ta ɗauka.

Sai ƙura ta tashi. Mabiya Katolika da dama suka ce ko da ba a ɗakin ikirari aka yi maganar ba, abin da mace mai makoki ta faɗa wa limaminta amana ce, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wasu suka ce tarihi ne, matar ta rasu shekara ashirin, kuma kuɗin zai ceci makarantar da ta yi sama da shekara 170 tana horar da malaman addini. Cikin watan Mayu kwalejin da ƙungiyar limaman da Fada Leonard ya fito daga cikinta suka janye wasiƙun daga gwanjo. 'Yan kwanaki bayan haka kwalejin ta sanar cewa za ta rufe. A Satumba aka miƙa wasiƙun ga iyalan Kennedy.

Wuta, kasuwa, ko ma'adana

Masu tarawa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa farashi ne ke hana a zubar da takarda. Magajin da ya san tsohuwar wasiƙa na iya yin kuɗi ba zai jefa ta a shara ba. Wanda ya biya dubban daloli zai sa ta a jakar da ba ta cin takarda, ya nisanta ta da rana da laima, ba zai manna mata salatif ba. Da yawa daga cikin abin da ke manyan ɗakunan karatu na Amurka a yau kyauta ce daga irin waɗannan mutane.

Malaman tarihi kuma suna tuna abin da wuta ta ci. Martha Washington ta ƙone kusan duk wasiƙun da ke tsakaninta da mijinta kafin rasuwarta a 1802, 'yan ƙalilan suka tsira. Bess Truman, matar shugaba Harry Truman, ta ƙone mafi yawan nata, shi ya sa ake da wasiƙun Harry Truman sama da dubu zuwa gare ta, amsoshinta kuwa kaɗan. Wasiƙun da Mary Lincoln, matar shugaba Lincoln, ta rubuta daga gidan masu taɓin hankali, inda ɗanta ya sa aka kai ta a 1875, iyali sun saye su don kada a gani, sai a tsakiyar shekarun 2000 aka tsinci kwafinsu a cikin wani tsohon akwatin lauyan gidan. Kuma uwargidan shugaba ba ta da muƙami a tsarin mulkin Amurka, kamar yadda ba ta da shi a na Nijeriya. Dokar 1978 da ta mai da takardun fadar shugaba mallakar gwamnati, wadda ta fara aiki kan Ronald Reagan, ba ta shafi wasiƙun kai da kai ba. Sau da yawa wasiƙar ita ce kaɗai shaidar abin da matar ta gani da abin da ta faɗa wa mijinta.

Duk da haka, gwanjo ba shi ne maganin wuta ba. Wasiƙar da ta shiga hannun mai saye da ba a san sunansa ba ta ɓace wa ɗalibin tarihi kamar yadda ta ɓace wa iyali. Abin da ya rage wa jama'a shi ne jimloli uku ko huɗu mafi zafi da aka tsakuro don talla, ba tare da abin da ya gabace su ko ya biyo bayansu ba. An tona sirrin, ilimin kuma bai samu ba.

Akwai hanya ta uku, kuma an gwada ta. Lorena Hickok, 'yar jarida kuma aminiyar Eleanor Roosevelt, ta miƙa wasiƙun da ke tsakaninsu, sama da 3,000, ga ɗakin karatu na Roosevelt a Hyde Park, da sharaɗin kada a buɗe sai bayan shekara goma da mutuwarta. Aka buɗe a 1978. Abin da ke ciki ya jawo muhawara mai zafi kan irin dangantakar matan biyu, amma duk mai son ya yi hukunci yana iya zuwa ya karanta su a jere, da kwanan watansu.

Jacqueline da kanta wannan hanyar ta bi a inda take da iko. Hirar da ta yi da masanin tarihi Arthur Schlesinger a 1964 ta sa an rufe ta a ɗakin karatu na Kennedy a Boston, sai a 2011 'yarta Caroline ta ba da izinin fitarwa. Hirarta da marubuci William Manchester kan ranar kisan na nan a rufe har 2067. Mace ce da ta san tarihi na da haƙƙi a kanta, ta kuma ɗiba masa lokacinsa.

Wasiƙun Harlech ba su samu wannan gata ba. Suna hannun wani mai saye da Bonhams ba ta bayyana sunansa ba. Na Fada Leonard suna wurin iyali, ba a sake baje su ba tun 2014. Kwalejin All Hallows ta rufe ƙofarta a 2016, harabar kuma ta koma hannun Jami'ar Birnin Dublin.